'Yan sikawut na nan, masu horar da su ne suka yi ƙaranci

Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan 'yan sikawut na gundumarmu. Ranar ƙaramar Sallah na ga wani yaro da bai wuce shekara 13 ba a filin idi, wata tsohuwa ta yi tuntuɓe ta fasa gwiwa, nan take ya kwance ɗan ƙyallen wuyansa ya ɗaure mata raunin, sannan ya busa usur abokansa suka buɗe hanya. Mu manya muna tsaye muna ta sannu.

Na tambaya ko wane ne ya koya masa. Ashe malami ɗaya ne, tsohon da ya yi ritaya, ke zagaya makarantun unguwarmu a kan keke duk Asabar. Idan zazzaɓi ya kwantar da shi, atisaye ya tsaya ke nan.

Harkar nan ba baƙuwa ba ce. Baden-Powell, wani hafsan sojan Birtaniya, ya fara ta a Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915, kuma tun 1919 aka ware horo na musamman don jagorori, domin an gane cewa riga da hula ba sa koya wa yaro ɗaurin igiya ko taimakon gaggawa.

Roƙona ga shugabannin gunduma da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma: su shirya horon kwana uku a hutun ƙarshen zango, kowace firamare ta turo malami ɗaya, har da malamai mata, don iyaye su saki jiki. Aji da tabarmi dai muna da su. Ni ma zan zo, ko da dafa shayi ne.

Tsohon ɗan sikawut,
daga Zariya