Babana, Renon Yaran Nan Har da Kai

Funtuwa, Jihar Katsina

Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya haƙuri da Abuja? Mu nan sai godiyar Allah. Malam ya samu sauƙin ƙafar, har yana takawa zuwa masallaci da kansa.

Na rubuto ne don a waya ba a gama magana da kai, kullum kana kan hanya. Ka ce angona ya cika ƙiriniya, ba ya jin magana, ba ya cin abinci sai an kunna masa waya, har kana tunanin turo mini shi in gyara maka shi. Ƙofata a buɗe take, in an yi hutu ku kawo shi. Amma yaro ɗan shekara 3 da aka yi wa ƙanwa wata 5 da suka wuce, iyayensa yake nema, kuma a cikin iyayen nan har da kai.

Ka tuna gidan da ka tashi. In na shiga madafa, Goggo na goye da kai. In ka fita zaure, kakanka na nan kan buzu. In ka yi rashin kunya a ƙofar gida, maƙwabci ya ja kunnenka tun labari bai iso mini ba. Shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne. To a benen nan naku na Kubwa, inda na kusa da ku ma bai san sunanka ba, aikin da mutum goma suka raba ya dawo kan mutum biyu. Idan ka ɗauka naka shi ne cefane da kuɗin makaranta, ka bar wa 'yata matarka kayan mutum goma ke nan, ga goyo ga ɗan rigima. Ban gaya mata wannan ba. Maganar suruka, ko ta alheri ce, nauyi gare ta. Kai na haifa, kai zan gaya wa.

Fara da barci. Yawancin abin da kuke kira ƙiriniya yunwa ce ko gajiya. Yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, har da na rana. Wanda ake bari yana zagaye falo har ƙarfe goma sha ɗaya na dare, a tashe shi da asuba don makaranta, dole ya wuni yana neman tsokana. Ku yanke lokaci ɗaya ku tsaya a kai. An yi isha'i, a yi masa wanka, a goge haƙora, a hau gado, a yi addu'a, a kashe fitila. Yau haka, gobe haka, har jikinsa ya saba. Wannan rabin awar ina so ta zama taka. Uwarsa tana shayarwa a lokacin, kai kuma ba abin da kake yi sai duba waya. Ka zauna bakin gadonsa ka ce masa "ga ta nan, ga ta nanku", ka koya masa ya amsa "ta zo mu ji ta". Gizo da Ƙoƙi ba su ƙare ba. In ka manta tatsuniyar ka ƙirƙiro, ba zai kama ka ba sai in gobe ka canja ta, don yaro yana son a maimaita masa abu ɗaya sau ɗari. A nan zai tsinci Hausa. Turanci yana jiransa a makaranta, ba inda za shi. Ba na son ranar da zai zo Funtuwa a nemo mana tafinta ni da mijina.

Maganar waya kuwa, laifin ba na yaro ba ne, ba shi ya saya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa jariri kada a ajiye shi gaban allo sam, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in an rage ma ya fi. Yaron da ake cusa wa loma idonsa na kan katun bai san ya ci ba, bai san ya ƙoshi ba. Ku cire wayar daga wajen cin abinci gaba ɗaya, taku da tasa. Zai yi kuka kwana biyu, ya yi birgima, ya ƙi ci. Ku ƙyale shi. Yaro mai lafiya ba ya zama da yunwa abinci na gabansa. Sai dai a hana shi biskit da lemon kwalba tsakanin abinci, in ba haka ba kun cika masa ciki da sukari kuna mamakin ya ƙi tuwo.

Shimfiɗa tabarma ku ci tare. Zuba masa kaɗan a nasa kwanon, ya wanke hannu da sabulu, ya yi bisimilla, ya ci da hannunsa ko zai ɓata riga. In ya ga kana cin miyar zogale kana santi, shi ma zai kai hannu. Abinci mai gina jiki ba sai na gwangwani ba. Kunun gero da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, ƙwai, wake, kifi, alayyafo, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Camfin da ake yi wai ƙwai yana sa yaro sata, a bar shi inda aka same shi. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya yi masa ɗura. A shekarun da na yi a ɗakin awo da rigakafi na ga yaran da aka matse tsakanin cinyoyi, aka toshe musu hanci, aka kwarara musu kunu da tafin hannu. Kunun ya bi ta hanyar numfashi, aka kawo su da ciwon haƙarƙari, wasu ba su koma gida ba.

Yanzu horo, wanda na san shi ne ya fi damunka. Kada ka yarda ka zama bulalar gida. Idan kullum abin da yake ji shi ne "bari babanka ya dawo", to da ya ji ƙarar motarka gabansa zai faɗi, ya yi bayan kujera. Laifin safe kuma, kafin magariba ya manta shi, dukan da za ka yi masa bai san na mene ne ba. Wanda ya ga laifi shi zai tsawatar, nan take, a gajarce. Ka durƙusa idonka ya yi daidai da nasa, ka riƙe hannunsa, ka ce "ba a dukan ƙanwa". Shi ke nan, ba sai an yi wa'azi ba. In ya sake, ka ɗauke abin wasan da ya yi dukan da shi, ko ka zaunar da shi gefe na ɗan lokaci. Kuma bakinku ya zama ɗaya kai da uwarsa. In ta hana alewa kai ka bayar a ɓoye, kun koya masa cewa doka tana da ƙofar baya. Duk saɓanin da ke tsakaninku a kan yaran, ku bari sai sun yi barci.

Na san za ka ce ku an dake ku kuma ga shi kun zama mutane. An dake ku, amma hannu nawa ne suka rarrashe ku bayan dukan? A gidanku in ka dake shi uwarsa ta yi masa tsawa, ba shi da ɗakin kaka da zai ruga. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Umarnin salla ma sai a shekara 7 aka ce a fara. Mai shekara 3 ka bar shi ya tsaya gefenka yana kwaikwayo, ko ya hau bayanka kana sujada.

Ka kula da baki. Ban da "ɗan banza", ban da "shege", ban da "wawa". Bakin iyaye kaifi gare shi. In ranka ya ɓaci ka ce "Allah ya shirye ka". Kada ka yi masa alkawarin ƙarya don ya yi shiru. Akwai hadisin matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Haka nan sulalewa ta bayan gida don kada ya ga fitarka. Ka yi masa sallama, ka ce za ka dawo da yamma, ya yi kukansa ya gama. Ban da tsoratar da shi da dodo, balle da likita da allura, don ranar da kuke buƙatar likitan ku za ku sha wahala.

Kishin ƙanwarsa kuma ba abin mamaki ba ne, an sauke shi daga gadon mulki ba shawara. Ku ba shi aiki a kanta, ya miƙo zanen goyo, ya ɗauko man shafawa, a ce masa sannu da ƙoƙari yaya. In ya koma fitsarin kwance kada a yi masa dariya, zai wuce.

Ita kishiyar tawa, a bar ta kan nono zalla har ta cika wata 6, ko ruwa ba ta buƙata, komai zafin gari. Daga nan a fara kunu da abinci mai laushi, nono ya ci gaba har shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata. Zuma sai ta cika shekara ɗaya, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Katin rigakafinta ka san inda yake da kanka. Na sati 6 da 10 da 14 sun wuce. Saura na wata 9, wato ƙyanda da shawara da sanƙarau, sai kuma ƙyanda ta biyu a wata 15. Kyauta ne a asibitin gwamnati. Ka ga abin da mashaƙo ya yi a Kano a 2023, kuma yawancin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba.

Ta kusa fara haƙori, za ku sha shawarwari. Gudawa da zazzaɓi mai zafi ba haƙori ba ne, kada a zauna a gida da sunan haƙori. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai guba ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan. In gudawa ce, a jiƙa ruwan gishiri da sukari na leda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, kada a tsayar da nono. In zazzaɓi ne a yi gwajin jini kafin a ba da maganin cizon sauro. Gidan sauro kuma kowane dare, ba sai da damina ba. In yaro ya kama jijjiga, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a wuce asibiti.

Wata Asabar ka rarrafa cikin gidan da gwiwoyinka, ka ga abin da ido da hannun yaro ke kaiwa. Za ka tarar da soket a buɗe, da magani kan durowa, da bokitin ruwa a banɗaki wanda ya isa ya halaka mai rarrafe, da hannun tukunya ya leƙo waje. Kananzir da fiya-fiya kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwa. In tsautsayi ya sa yaro ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, asibiti kai tsaye. Ƙuna kuwa ruwan famfo mai sanyi ake sakar mata kamar minti 20, ban da ƙwai ban da man goge baki. Janareta ya zauna waje nesa da taga. Gyaɗa ɗai-ɗai ba ta ƙananan yara ba ce, a niƙa musu.

Gaisuwa da ladabi ba ni da abin da zan ce maka a kai, sai dai ka lura yana kallon yadda kake gaida mai gadi da yadda kake yi wa uwarsa magana in ka gaji. Ranar da ba ka aiki ka ɗauke shi ku fita, ko wajen mai lemo ne, ita ma ta samu ta runtsa.

Na ba direban da zai zo Juma'a kuka da daddawa da garin kunu, da man shanu na 'yata. Garin a ajiye shi inda ba danshi. Ka ɗauko mini hoton katin rigakafin yaran biyu ka turo ta wayar ƙanwarka in duba. Malam yana gaishe ku, ya ce a shafa masa kan takwaransa. Ka gaida 'yata da kyau. Allah ya raya su, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka