Wasiƙa zuwa ga aminina a Legas kan hoton baya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan ƙasar Ringim alhamdu lillahi, ana ta yankan riɗi.

Saƙonka ya tayar min da hankali. Ka ce ciwon daga ƙugu yake tasowa ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, an yi maka hoton ƙashi an ce ba a ga komai ba, har wasu sun fara kawo maka zancen sammu. Don Allah kada ka saurare su. Hoton ƙashi, ƙashi yake gani. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifan guringuntsi mai taushi da ke tare nauyi kamar gammo. In ya tsage, abin da ke cikinsa sai ya ɓullo ya danne jijiyar da ke gangarawa ƙafa, kuma wannan ba ya fitowa a hoton da aka yi maka. Yawanci a can ƙasa yake faruwa, inda likitoci ke rubuta L4-L5 ko L5-S1. Zaman tuƙin tirela kuwa ba ya raga wa wurin.

Wani irin hoton asibiti da ake kira MRI ne ke nuna faifan da jijiyar sarai. Da maganaɗisu yake aiki, za ka kwanta kamar rabin awa a cikin injin mai ƙara, ba motsi. In akwai ƙarfe a jikinka, ka faɗa musu kafin ka shiga. Akwai wani hoton kuma da ake kira CT, ya fi shi sauri, ya kuma fi ƙwarewa a kan ƙashi, amma bai kai shi ganin jijiya ba.

Sai dai ban so ka ci bashi saboda MRI tun yanzu. Mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai, in aka ɗauki hotonsu za a ga faifan ya ɗan kumbura. Dole likita ya haɗa hoton da abin da ya gani da ya duba ƙafarka. Galibin masu irin ciwonka suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa wata 3 da magani da motsa jiki, ba tiyata.

Amma in ƙafar ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari ko bayan gida suka ƙi riƙuwa, ranar nan za ka tafi asibiti, ba gobe ba. Haka in akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, domin tarin fuka na kama ƙashin baya. A ɗakin shan maganinmu irin waɗannan Asibitin Ƙashi na Dala muke tura su, ba wurin mai ƙaho ba.

Ka rubuto min abin da likitan ya ce. Inna na gaishe ka. Allah Ya ba ka lafiya.

Naka,
Amininka