A koya wa ɗalibai darasin Anaca da Abagana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon masu koyar da tarihi a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA nan Kaduna da kwalejin soja ta Jaji su tsaya sosai kan yaƙin Anaca da na Abagana, a lokacin yaƙin basasar Najeriya. A Oktoba 1967 sojojin Biyafara sun karya gadar Neja, sai Kanar Murtala Mohammed ya tura Runduna ta 2 ta sojojin Najeriya cikin jiragen ruwa daga Asaba don su haye kogin zuwa Anaca. Waɗanda suka haye sun rasa ƙarin harsashi da mutane, aka tarwatsa su. Sai da Murtala ya zagaya ta Idah ya kama Anaca a Maris 1968.

A Abagana kuwa, wani gari a kan hanyar Anaca inda sojojin Biyafara suka yi wa ayarin rundunar kwanton ɓauna, tankar mai tana tsakiyar jerin motocin makamai, dab da juna a kan siririyar hanya. Harbi ya samu tankar, wuta ta bi ayarin ta cinye.

Naku,
Mai karatu, Kaduna