Zuwa ga aminina, kan gem ɗin nan na Space Invaders

Assalamu alaikum mutumina, ya gida ya aiki, ya sanyin can? Da fatan madam da yara duk suna lafiya.

Saƙonka ya iso, na ga inda kake ƙorafin wai yaronka ya sauke wani tsohon gem a waya yana ta harbin wasu ƙwari masu saukowa daga sama, kai kuma kana ganin ɓata caji ne kawai tunda ko hoton kirki babu. To gaskiya ban yarda da kai ba, wannan da ka kwatanta ai Space Invaders ne, kuma wallahi yaron nan ya iya zaɓe.

A Jafan aka yi shi a 1978, kamfanin Taito ne ya fitar, kuma mutum ɗaya ne Tomohiro Nishikado ya zauna ya tsara wasan ya zana halittun har injin ma shi ya haɗa da hannunsa. Da farko ya yi tunanin a riƙa harbin mutane ne, kamfanin suka ƙi, sai ya koma ya zana dodannin sararin samaniya da siffar halittun teku irin su ƙaguwa. Asalinsa ba na waya ba ne, ƙaton akwati ne da ake jefa masa tsabar kuɗi, allon ma baƙi da fari ne, leda mai kala ake mannawa a kai don ya yi kamar mai launi.

Dodanni 55 ne, sahu 5 kowane sahu 11, suna tafiya gefe zuwa gefe, da sun taɓa bango sai su sauko taki ɗaya su juya. Kai kana ƙasa da bindigarka, dama da hagu kawai kake iya zuwa, ga katangu 4 da kake fakewa a bayansu amma suna zagwanyewa a hankali, da wutarsu da taka duk cinsu suke. Na sahun ƙasa maki 10, na tsakiya 20, na can sama 30, sai wani jirgi da yake gilmawa ta sama lokaci lokaci wanda zai iya ba ka har 300. Kuma harsashinka ɗaya ne tal a allo, sai ya samu wani abu ko ya fice sannan ka sake harbi, saboda haka mai danna maɓalli barkatai shi ne yake fara mutuwa, dole ka auna inda dodon zai kai kafin ka saki.

Amma abin da ya sa nake ƙaunar gem ɗin nan shi ne saurin. Ƙwaƙwalwar injin, Intel 8080, ba ta da ƙarfi, in dodannin suna cike 55 da ƙyar take jan su shi ya sa suke tafiya a hankali, kana kashe su aikinta yana raguwa sai ragowar su ƙara gudu. Nishikado ya lura da haka bai gyara ba, ya bar shi a matsayin wasan kansa. Ka ga kenan duk nasarar da ka yi ita ce take ƙara maka wahala, ga wani kiɗa mai sauti huɗu dum dum dum dum yana bin takunsu yana ƙara sauri kamar bugun zuciyar wanda aka biyo, har ya rage saura ɗaya, shi wannan ɗayan kuwa gudu yake kamar zai fita daga allon, hannunka na zufa ka harba ka kuskure ya sauko ka sake ka kuskure, kai! In ya taɓa ƙasa shikenan an gama ko da kana da sauran rai. In kuma ka share su duka wasu 55 ne za su fito, sun ma fi kusa da kai. Ba a cinye shi, maki kawai ake tarawa.

Ya yi kasuwa sosai, a Jafan har shaguna aka buɗe da babu komai ciki sai shi, kamfanin Midway suka kai shi Amurka, a 1980 kuma ya shiga Atari 2600, na'urar buga gem a gida, mutane suka riƙa sayen na'urar saboda shi kaɗai. Bayansa kamfanin Namco suka yi irinsa, Galaxian a 1979 da Galaga a 1981, a Galaga ne ake sace maka jirgi in ka ƙwato shi ka koma harbi da biyu, yana da daɗi ba laifi amma ni dai na farkon ya fi kama ni.

Don Allah ranar da ka samu sarari ka karɓi wayar ka gwada, ka fara cin sahun gefe don su daɗe kafin su taɓa bango, sannan ka turo min makinka da na yaron in ga wa ya fi. Ka gaida mutanen gidan duka, sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.