Wasiƙa kan lambun hunturu a bayan gida

Kaduna,
farkon Oktoba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zaman Legas? Saƙonka ya iso cewa za ka dawo gida ƙarshen wata, kuma kana son filin bayan gidanka ya zama lambun kabeji, karas da latas. Na ji daɗi ƙwarai. Amma kada a jira isowarka, ka sa yara su fara gyaran wuri tun yanzu, domin a nan Kaduna lokaci ne kan gaba da komai.

Kayan nan sanyi suke so. Mutanen Jos suna nomansu kusan duk shekara saboda tudunsu, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai muke da shi. Da zafin Maris ya kama, latas zai fitar da kara ya yi ɗaci, kabeji kuma ya ƙi naɗewa da kyau. Yi lissafi da kanka: kabeji yana cin mako 4 zuwa 5 a reno, wato inda ake yafa iri ya tsiro kafin a dasa, sannan kwana 70 zuwa 90 bayan dashe. Wanda ya yafa iri a ƙarshen Oktoba zai yanka a Fabrairu. Wanda ya bari sai Janairu, awaki ya noma wa.

A zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa 6, ba gindin mangwaro ba. Ƙasarmu ja ce, ga marmara, don haka a kafta zurfin santimita 30, a tsince duwatsu. A yi kwami mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3, a zuba wa kowanne bokiti 2 na ruɓaɓɓen taki, a cakuɗa, a riƙa ba shi ruwa mako 2 kafin shuka. Ɗanyen kashin kaji ƙone tsiro yake yi.

Karas ne ya fi ba masu farawa wahala. Ba a dasa shi, inda aka shuka nan zai girma. Irin ƙanana ne, sai a gauraya da yashi don kada ya zuba wuri ɗaya, a ja layi-layi tazarar santimita 20, zurfin kada ya wuce santimita 1. Yakan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya tsiro, kuma a nan ake asara: iskar hunturu tana busar da saman ƙasa ya yi ɓawo, tsiron ya kasa fasawa. A lulluɓe kwamin da busasshiyar ciyawa, a yayyafa ruwa safe da yamma, da an ga kore a yaye. Idan ya yi ganye 3 ko 4 a rage shi, a bar tazarar yatsu uku. Za ka ji tausayin tumɓuke lafiyayyen tsiro, ka daure, in ba haka ba sirara za ka tona. Wanda ka ga ya rabu biyu kamar wando, dutse ya ci karo da shi ko ɗanyen taki. Yawan takin yuriya kuma ganye yake ba shi, ba saiwa ba. Cikin wata 3 ya isa tono.

Latas ba shi da rigima. Kada a binne irin, a barbaɗa masa ƙasa sama-sama. Mako 3 zuwa 4 a reno, a dasa tazarar santimita 30. Ka riƙa yafa kaɗan-kaɗan duk mako 2, don kada ya nuna lokaci guda ya fi ƙarfin gidan.

Renon kabeji kuwa, idan ka ga tsiro yana tsukewa daga gindi yana kifewa, cunkoso ne da yawan ruwa. A rage duka biyun. A lulluɓe wurin da tsohon gidan sauro saboda ƙadangaru da kaji. Da yamma ake dashe, tazarar santimita 45, a ba da ruwa nan take. Bayan mako 2 a sa wa kowanne murfin kwalbar lemo ɗaya na takin zamani NPK 15:15:15, nesa da gindi kamar faɗin tafin hannu, a rufe da ƙasa.

Ka riƙa juya ganyen kana duba bayansa. Nan 'yar koriyar tsutsar ke ɓuya tana huda shi, kuma in ta shige cikin kan kabejin, feshi ba ya kai mata. A lambun gida na fi son darbejiya a kan maganin kanti, tunda yara ne za su ci: a daka busassun 'ya'yanta rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma sau ɗaya a mako. Idan kan kabejin ya yi tauri a yanke, kada a bar shi da ƙishi sannan a malala masa ruwa, fashewa zai yi.

Abu ɗaya nake so ka tabbatar kafin a sayi iri: rijiyar gidan tana kaiwa Fabrairu da ruwa? In tana ja baya, kwami 4 sun ishe ka bana. Irin kuma a sayi na cikin gwangwani ko leda a rufe, a duba kwanan watan da ke jiki. Turo mini awon filin in tsara maka inda kowanne zai zauna.

A gaida mai ɗaki da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Naka,
amininka.