Sanarwa: Ziyarar Yankari Ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Tafiyar Yankari da muka daɗe muna magana ta tabbata. Asabar mai zuwa in sha Allahu za mu tashi daga Bauchi bayan sallar asuba, ƙarfe 6 daidai, don hanyar ta haura kilomita 100. Wanda ya makara, mota ba za ta jira ba.

Da safe za mu zaga daji. Yanzu rani ne, dabbobi na taruwa a bakin kogin Gaji, da rabo mu ga giwaye da ɓauna da gwanki. Daga nan sai kogunan Marshall guda 59 da mutanen zamanin da can suka haƙa cikin dutse suka zauna, da rijiyoyin Dukkey. Wannan ɓangaren ne na fi so yaranmu su gani. Bayan azahar sai wanka a ruwan ɗumi na Wikki.

Kowa ya tura naira 15,000 na mota da abinci ga ma'aji kafin Alhamis, ya rubuta yawan mutanensa a nan. A taho da ruwan sha da takalmi rufaffe. Don Allah kada a riƙe abinci a fili, birai na fizgewa daga hannu, kuma kada yaro ya rabu da jagora.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Naku,
Sakatare