Garin da ba shi da magajin gari: amsa ga Alhaji a kan Silver Spring

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Da fatan kana lafiya, da iyali da jikoki.

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan zaman 'yan ƙasarmu a Amurka, ka bugo waya ka ce ka yi shekaru kana aikin ƙaramar hukuma, kuma ba ka taɓa jin garin da ke da mutum dubu tamanin amma babu magajin gari, babu kansila, babu sakatariya ba. Ka ce ko dai Silver Spring unguwa ce kawai a cikin Washington nake kambama ta, ko kuma wuri ne da aka bari kara zube. Lokaci ya ƙure kafin in amsa, shi ya sa na rubuto.

Ba unguwar Washington ba ce. Tana cikin jihar Maryland, a gundumar Montgomery, manne da kan iyakar arewacin babban birnin. Idan ka biyo titin Georgia Avenue daga cikin Washington ka nufi arewa, za ka tsallaka iyaka ba tare da ka sani ba, sai dai allunan hanya su canza. Kamar dai Mararaba da Abuja ne: mutum ya kwana a wata jiha, da safe ya yi sammako zuwa ofis a babban birni. Ƙoramu ne suka tsaga yankin, daga ciki akwai Rock Creek ta yamma, Sligo Creek ta tsakiya, da wani reshen kogin Anacostia ta gabas, kuma an bar gaɓarsu da itatuwa, mutane na yawo da kekuna.

Batun rashin magajin gari kuwa gaskiya ne. A tsarin Amurka, wuri ba ya zama birni a idon doka sai mazaunansa sun nemi takardar kafa hukumar kansu an ba su. Maƙwabciyarmu Takoma Park ta samu tata tun 1890, tana da magajin gari da 'yan sandanta, alhali ba ta kai rubu'in Silver Spring yawan jama'a ba. Silver Spring ba ta da wannan takarda. Saboda haka gunduma ce ke riƙe da mu kai tsaye daga hedikwatarta da ke Rockville: shugaban gunduma da ake zaɓa, da majalisa mai mutum 11. Makarantu na gunduma ne, haka 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da ɗakunan karatu. Ruwan famfo na wata hukuma ce da aka kafa a 1918 mai kula da gundumomi biyu. Manyan tituna irin Georgia Avenue na jiha ne. Idan rami ya buɗe a ƙofar gidanka, ka buga 311, a ba ka lambar ƙorafi. To ka ga, Alhaji, akwai mai gyara, sai dai ba a cikin garin ofishinsa yake ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Maryland. A ƙidayar 2020, bayan Baltimore, wurare huɗu mafi yawan jama'a a jihar, wato Columbia da Germantown da Waldorf da Silver Spring, duk ba su da hukumar birni. Annapolis, babban birnin jihar mai magajin gari, mutanenta kusan dubu arba'in ne.

Sai dai adadin namu yana da ƙura. Tunda babu iyakar da doka ta shata, Hukumar Ƙidaya ce ta zana layinta don sauƙin lissafi, ta samu mutum 71,452 a 2010, sannan 81,015 a 2020. Gidan waya kuma nasa layin daban, ya fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Mutumin White Oak da na Colesville duk Silver Spring suke rubutawa a adireshinsu, ko da yake ƙidaya ba ta sa su a ciki ba. Baƙo ya taɓa kirana ya ce ya iso Silver Spring in fito in tarbe shi, ashe tsakaninmu akwai tafiyar kusan rabin awa a mota, kuma bai yi ƙarya ba.

Tarihin ya faro ne daga Francis Preston Blair, ɗan jarida kuma na hannun daman Shugaba Andrew Jackson. A 1840 yana neman wurin da zai riƙa guje wa zafin Washington, sai ya ci karo da wani marmaro mai ƙyalli kamar azurfa saboda burbushin dutsen da ke cikinsa. Ya sayi filin, ya gina gida a 1842, ya raɗa masa sunan marmaron, wato Silver Spring, marmaron azurfa. Har yau wurin yana nan, ɗan ƙaramin lambu ne matse tsakanin dogayen benaye, da wata tsohuwar rumfa ta katako. Mafi yawan masu wucewa ba sa ma waiwayawa. Ɗansa Montgomery Blair ya riƙe ma'aikatar gidan waya a gwamnatin Lincoln, kuma gidansa ya ƙone a Yulin 1864 a yaƙin basasar Amurka, lokacin da sojojin Kudu ƙarƙashin Janar Jubal Early suka biyo ta nan da nufin afka wa Washington. Layin dogo ya iso a 1873, babbar hanyar zobe ta kewaye Washington a 1964, jirgin Metro ya buɗe tasharsa a 1978. Kowanne ya zo da nasa ayarin mazauna.

Inda na fi so ka tsaya, tunda aikinka ne, shi ne Lyttonsville. Unguwa ce ta baƙaƙen fata a yammacin garin, wadda wani ɗan baƙar fata mai 'yanci, Samuel Lytton, ya sayi filinta a 1853. A farkon ƙarni na ashirin, takardun filaye da yawa a Silver Spring suna ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata. Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta irin wannan sharaɗi a 1948, amma sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a harkar gidaje. Duk tsawon wannan lokaci mutanen Lyttonsville suna biyan haraji ga gunduma ɗaya da kowa, amma babu kwalta, babu famfo, sai wajejen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970, bayan sun gaji da sintiri. Wata 'yar siririyar gada mai ɗaukar mota ɗaya a kan layin dogo ce ta haɗa su da sauran gari, inda matansu ke zuwa aikatau a gidajen da ba a yarda su saya ba. An rushe gadar a 2019 don aikin sabon layin jirgi.

Ba na cewa magajin gari ne zai hana wannan. Biranen da ke da shi ma sun yi wariya. Amma a ganina, idan mai yanke hukunci yana kula da mutum sama da miliyan ɗaya, kamar yadda gundumarmu take yanzu, unguwar da ba ta da baki ita ce ake mantawa. Akwai kwamitin mazauna da ke ba gunduma shawara a kan Silver Spring, sai dai shawara ce, ba ya riƙe da asusu.

Yau fuskar garin ta sauya ƙwarai. A titin Fenton ƙamshin gahawar Habasha ne ke tarbarka, a unguwar Long Branch Sifaniyanci ne a bakin 'yan asalin El Salvador, ga 'yan Najeriya da Kamaru da Ghana ko'ina. A kan New Hampshire Avenue masallaci da coci-coci da wuraren ibadar Hindu da Buda suna jere. Da yawa cikin waɗannan sabbin zuwa 'yan haya ne, wasu ba su da ƙuri'a tukuna, kuma zaman majalisa a Rockville yakan faɗo lokacin da suke bakin aiki. Su ne nake dubawa idan an ce tsarin yana tafiya daidai.

Idan Allah Ya kawo ka, zan so mu halarci zaman majalisar tare, in ji yadda tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma zai auna su.

Wassalam,
ɗanka a Silver Spring